Malam Abubakar Tafawa Balewa, Ɗalibi Mai Lamba 145

Kowa a kolejin nan ya san fuskar mutumin da ke jikin takardar naira biyar. In ka tambayi ɗalibi ko wane ne, nan da nan zai ce maka Firayim Ministan Nijeriya ne na farko. Gaskiya ne. Amma ni labarin malamin makaranta nake so in ba ku, don kafin ya hau kujerar Ikko sai da ya yi wajen shekara goma sha biyu yana riƙe da alli a Midil ta Bauchi. Tun da yake mu ma sana'ar alli ce ta tara mu a nan, kuma ɗalibanmu da yawa makarantun gwamnati za a tura su, ya kamata mu duba wace irin makaranta ce ta yi renon mutumin nan, me aka koya masa a cikinta, me kuma aka bari ba a koya masa ba.

An haifi Abubakar cikin watan Disamba 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, ƙasar Lere, cikin Lardin Bauchi. Sunan garin daga Filatanci ya fito, ma'anarsa baƙin dutse. Ubansa Yakubu Ɗan Zala, Bageri ne, yana cikin mutanen Ajiya, hakimin Lere. Uwarsa kuwa Fatima Inna tana da jinin Filani. Watau dai shi ba ɗan sarki ba ne, ba kuma jikan masu tuta ba. Ƙasar da ya tashi a ciki irin tamu ce ta nan kudancin Kaduna, ƙasar duwatsu da harsuna barkatai, ga Sayawa, ga Jarawa, ga Filani, ga Hausawa, kowa da yarensa a gida, in an haɗu a kasuwa sai a yi Hausa.

Ya soma da makarantar allo kamar kowane ɗan Musulmi. Cikin 1922 aka sa shi elementare ta garinsu. A zamanin nan mutane ba su son boko. Manya da yawa kan ɓoye 'ya'yansu, in Bature ya matsa sai su miƙa 'ya'yan barorinsu, suna ganin sun yi wayo. Daga elementare ya wuce makarantar lardi ta Bauchi cikin 1925, ya yi shekara uku. Cikin 1928 aka zaɓe shi zuwa Kolejin Katsina, aka rubuta shi a rajista da lamba 145.

To, a nan zan ɗan tsaya, don in ba a san Kolejin Katsina ba, ba a san Abubakar ba.

An soma ɗaukar ɗalibai a kolejin cikin 1921, Gwamna Kilifod ya buɗe ta cikin watan Maris 1922. Ginin ƙasa ne, har yau yana nan a Katsina, an mai da shi wurin tarihi. Wanda duk ya je zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Nufin Turawa shi ne su horar da malamai waɗanda za su koma su koyar a makarantun larduna, saboda haka karatun shekara biyar ne, kuma fannoninsa kaɗan ne: Turanci, da Lissafi, da Tarihi, da Labarin Ƙasa, da dabarun koyarwa, sai Arabiyya da addini, waɗanda Malam Bello Kagara ya daɗe yana koyarwa. Da yamma a fita wasa, a yi kurket, a yi fayis, wasan nan da ake bugun 'yar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Lambar Abubakar ma ta isa ta nuna mana yawan ɗaliban. Shekara bakwai da buɗewa, a duk faɗin Arewa, yaran da suka taɓa shiga ba su kai ɗari da hamsin ba. Ahmadu Raɓa, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, ya riga shi shiga da shekara biyu, lambarsa 87.

Abin da kolejin ta fi shahara da shi shi ne Turancin baki. Ba a bar yaro ya tsaya ga rubutu kaɗai ba. Sai ya tashi tsaye ya karanta da ƙarfi, malami yana saurare, yana gyara masa fitar kowane harafi, da inda zai ja numfashi, da inda zai sauke murya. Yau a yi, gobe a yi, har shekara biyar. A nan ne Abubakar ya yi fice. Shekaru da yawa bayan haka, sa'ad da ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya cikin Oktoba 1960, da sa'ad da ya tsaya gaban majalisar wakilan Amurka cikin Yuli 1961, mutane suka riƙa mamakin inda ya samo irin wannan lafazi, har aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Muryar kam baiwa ce daga Allah. Amma lafazin a ɗakin ƙasa na Katsina aka ƙera shi. Fayafayen jawabansa suna nan a intanet, ina roƙon masu koyon koyar da Turanci su saurara, su lura da yadda ba ya gaggawa, ba ya haɗiye ƙarshen kalma.

Akwai kuma wani darasi wanda ba ya cikin jadawali. Sau biyu a shekara ake ba da hutu, kuma daga Katsina zuwa Bauchi ya fi mil 250. A ƙasa yake tafiya, wajen kwana goma, inda dare ya yi masa ya nemi masauki a ƙauye. Yaron da ya ratsa ƙasar Katsina da ta Kano da ta Bauchi da ƙafarsa sau huɗu a shekara, ba sai an zana masa taswira a allo kafin ya san kogi da tudu da jigawa ba.

In aka zo ga abin da ɗaliban kolejin suka zama, sai a ce sam barka. Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Kashim Ibrahim ya zama Gwamnanta cikin 1962. Aliyu Makaman Bida ya zama Ministan Ilmi na farko a Arewa, daga baya Isa Kaita ya riƙe wannan ma'aikata. Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo cikin 1939. Kusan dukansu da aikin malanta suka fara. Amma in za mu yi adalci, kada mu ɗauki wannan sakamako mu auna makarantun yau da shi kai tsaye. Yaran nan tsintar su aka yi ɗai-ɗai daga kowane lardi, hukuma ce ke ɗauke da nauyinsu duka, ajinsu bai cika ba, aiki kuma yana jiransu tun ba su gama ba. Malamin da ke fama da yara saba'in a aji guda, rabinsu ba kujera, wani yaƙi dabam yake yi.

Kolejin kuwa tana da nata giɓi, babba ma. A tsarin farko babu kimiyya, sai wajen 1930 da aka ɗaga darajarta aka soma shigo da ita. Ba a shirya karatun don yaro ya wuce jami'a ba, an shirya shi don ya koma gida ya yi wa En'e aiki. Shi ya sa likitan farko na Arewa, Dokta Barau Dikko, bai fito daga Katsina ba. Ta makarantar mishan ta Wusasa ya bi, ya je Ikko, ya wuce Ingila. Giɓin da ya fi shafarmu mu mutanen nan shi ne, don 'ya'yan Musulmi na ƙasashen sarakuna aka gina ta. Ɗan Bajju ko Atyap ko Ham ko Agworok wanda ba Musulmi ba, kome kaifin kansa, ba shi da hanyar shiga. Kakanninmu ta ƙofar 'yan mishan suka sami boko, waɗanda suka sauka Kwoi tun 1910, suka zo Kagoro cikin shekarun 1920. Abin da gwamnati ta tanada wa irin ƙasashenmu shi ne makarantar horon malaman elementare ta Toro, tsakanin Jos da Bauchi. A can ne Malam Gwamna Awan ya yi karatu daga 1933 zuwa 1935, ya dawo ya koyar a Kagoro, ya zama sarkinta cikin 1945. Ga su nan malamai biyu, kusan sa'o'in juna, cikin lardi guda a shekara guda, ɗaya an ba shi Turancin da zai kai shi Ikko, ɗaya an tsayar da shi ga elementare. Ba don ƙwaƙwalwa ta bambanta ba, tsarin ne haka.

Cikin 1933 Abubakar ya gama, ya koma Bauchi aka ba shi aji a Midil. Ga waɗanda ba su san Midil ba, ita ce makarantar da ke tsakanin elementare da koleji, ta kwana ce, kusan kowane lardi da guda ɗaya, En'e ke riƙe da ita. A elementare da Hausa ake karatu, a Midil ake juyawa zuwa Turanci. Ban da karatun aji akwai aikin hannu, kamar sassaƙa da ƙira. Cikin 1937 makarantar sakandare guda ɗaya tak ke akwai a Arewa, da ɗalibai 65, saboda haka ga mafi yawan yara Midil ita ce ƙarshen hanya. Abin da malamin Midil ya zuba wa yaro, da shi zai yi ta aiki har tsufansa, ko malamin asibiti ya zama, ko akawu, ko malamin daji.

A shekarar da ya fara aiki ne Dokta Is na Ofishin Fassara a Zariya ya sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Abubakar ya shiga, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi cikin 1934 tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Lokacin nan bai wuce shekara ashirin da biyu ba. Labarin yaro ne wanda aka sace zamanin bauta, aka kai shi Kano, wani Balarabe ya ɗauke shi kamar ɗansa ya ƙetare Sahara da shi, ya yi karatu har ya zama babban malami, uwarsa kuwa ta bi sawunsa tana nema har ita ma ta faɗa hannun masu bayi. Ni a ganina, cikin littattafan nan biyar shi ne ya fi natsuwa. Ba ban dariya irin ta Ruwan Bagaja, ba kirarin yaƙi irin na Ganɗoki. Abin lura kuma, sa'ad da saurayin nan ya zauna zai ƙago jarumi, malami ya ƙago, mai zaune da almajirai kewaye da shi. Har wa yau abin ya nuna cewa Turancin Katsina bai cinye masa Hausarsa ba. An juya littafin da Turanci cikin 1967, aka yi sinimarsa cikin 1976.

Ya zama hedimastan Midil cikin 1941. Bai tsaya nan ba, ya ci gaba da karatu shi kaɗai bayan an tashi aiki, har ya ci jarrabawar manyan malamai, wadda 'yan Arewa ƙalilan ne suka ci ta a lokacin. Bauchi kuwa a shekarun nan tana tafasa. Ga Malam Sa'adu Zungur, ga wani saurayin malami da aka turo Midil daga Kolejin Kaduna, Malam Aminu Kano. Cikin 1943 aka kafa wani taron muhawara a garin, inda malamai da ma'aikatan En'e da Turawa kan zauna su tattauna al'amuran mulki. Sa'adu da Aminu masu zafi ne. Abubakar kuwa mai sanyi ne, yakan saurara ya daɗe kafin ya yi magana. Ina tsammani ba ƙaramin haƙuri hedimasta ke bukata ba in Malam Aminu na cikin malamansa.

Cikin 1945 aka tura shi da waɗansu malaman Arewa zuwa sashen horon malamai na Jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba. Ya ga Turawa a gidansu, masu shara da masu dako da masu fama da talauci, ya ga kuma yadda talaka ke jefa ƙuri'a ya canja gwamnati. Da ya dawo aka ba shi aikin duba makarantu a Lardin Bauchi. Cikin 1946 aka zaɓe shi zuwa Majalisar Jihar Arewa, cikin 1947 ya tafi Majalisar Dokoki ta Ikko. Dalilin zaɓensa a fili yake: Arewa tana neman wanda zai iya tsayawa gaban lauyoyin Kudu ya yi magana, kuma irin waɗannan mutane a makarantu kaɗai ake samunsu. Haka majalisun suka kwashe malamai mafi ƙwarewa daga azuzuwa, a daidai lokacin da azuzuwan suka fi bukatarsu. Wannan hasara ce da ba a cika ambatonta ba.

Abin da na fi girmama shi da shi ya faru cikin Agusta 1950 a Kaduna. Ya tashi a majalisa ya kawo shawara a binciki tsarin mulkin En'e duka a gyara shi, don talaka ba shi da ta cewa a ciki, kuma zalunci da cin hanci sun yi yawa. Ku tuna shi kansa ma'aikacin En'e ne, ɗan bara, sarakuna kuwa suna da ikon da za su iya gamawa da shi. Shawarar ta wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya. Aka sa Turawa biyu suka yi bincike, daga nan gyare-gyare suka biyo baya har zuwa dokar En'e ta 1954. A ƙasashenmu na kudancin Zariya, inda mutane suka daɗe suna kuka da hakiman da ake turo musu, gyaran bai share hawaye ba, kukan ya ci gaba har gaban hukumar binciken ƙananan ƙabilu ta 1957 da 1958. Duk da haka shi ne ya fara faɗin abin a zauren da ake jin tsoron faɗinsa.

Daga nan sai hawa. Ministan Ayyuka cikin 1952, sa'an nan Ministan Sufuri, sa'an nan Firayim Minista cikin 1957. Mu mutanen Kafanchan muna da rabo cikin aikinsa na sufuri, don a zamaninsa ne aka ja hanyar jirgin ƙasa ta Barno. Ta tashi daga Kuru, a kan reshen da ya fita daga tasharmu zuwa Jos, ta isa Bauchi cikin 1961, ta isa Maiduguri cikin 1964. Yaran da suka zo bayansa suka riƙa tafiya makaranta cikin tarago, a maimakon kwana goma a ƙasa.

Ilmin sakandare a lokacin yana hannun gwamnatocin jihohi ne, ba a hannunsa ba, amma ya san inda ciwon yake. A shekarar da ya zama Firayim Minista, makarantun sakandare 18 ne a Arewa, Kudu kuwa tana da 176. Tsohuwar kolejinsa ta riga ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938, ta koma Zariya cikin 1949, ita ce aka sa wa suna Barewa cikin 1971. A Zariya ta zama cikakkiyar sakandare mai ɗakunan kimiyya da jarrabawar Kambirij, ƙofarta kuma ta buɗe, har ɗan Kirista daga Wusasa, Yakubu Gowon, ya shiga cikin 1950. Midil-Midil ɗin ma aka riƙa mai da su sakandaren lardi. Cikin 1959 gwamnatinsa ta naɗa hukumar Ashbi don ta duba irin masu ilmin da ƙasa za ta bukata cikin shekara ashirin masu zuwa. Rahotonta ya fito cikin 1960. Bayansa aka sami jami'o'in Zariya da Ikko da Ife cikin 1962, da manyan kolejojin horon malamai irin ta Zariya, waɗanda su ne asalin takardar shaidar da ɗalibanmu ke nema yau. Mutumin da bai taɓa samun digiri ta hanyar zama a aji ba, a zamaninsa jami'o'in Nijeriya suka kai biyar.

Yau ɗalibin sakandaren gwamnati a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi yakan zauna jarrabawar fanni takwas ko tara, ana nemansa da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Yana taɓa Kimiyyar da Abubakar bai samu sosai ba, wannan ci gaba ne, ba mai musu. Amma sau nawa muke zuwa duba ɗalibanmu a wurin gwajin koyarwa, mu tarar da yaro a aji biyar wanda ba zai iya tashi ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi ya faɗi abin da ya fahimta ba? Katsina ta ba da kaɗan ga kaɗan, ta tabbatar ya zauna. Mu mun buɗe ƙofa ga kowa, haka kuwa ya kamata, sai dai karatu da ƙarfi a gaban malami ba ya bukatar ɗakin gwaji ko wutar lantarki. Minti goma ne a kowace rana, da malamin da zai saurara.

Shekarun mulkinsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba, ba kuwa zan ɓoye ba. Rikicin Jihar Yamma ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci cikin 1962, aka ɗaure Awolowo cikin 1963. Aka yi rigimar ƙidaya, aka yi tarzomar Tibi wadda aka kwantar da ƙarfin soja, aka yi zaɓen 1964 da na Yamma na 1965 waɗanda suka bar ƙasa cikin wuta. Masu sukarsa suna cewa haƙurin nan nasa ya yi yawa, ya tsaya yana saurare a lokacin da ya kamata ya tsawata, kuma bai iya ƙetare maganar jam'iyyarsa ba. Ina ganin akwai gaskiya a ciki. Halin da ya gyara hedimasta bai ishi mai riƙon ƙasa irin wannan ba. Abin da ko maƙiyansa ba su tuhume shi da shi ba shi ne tara dukiya.

Cikin Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen renon Ingila a Ikko, a kan maganar Rodeshiya. Kwana kaɗan da watsewar taron, daren 15 ga wata, sojoji suka zo gidansa suka tafi da shi. Bayan wajen kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta. Aka kai shi Bauchi aka binne, yana da shekara 53. Allah ya jiƙansa. A cikin shekarar nan ce aka buɗe kolejojin gwamnatin tarayya na farko guda uku da gwamnatinsa ta shirya, a Sakkwato da Wari da Okposi, don yaran Arewa da na Kudu su zauna aji guda.